Yadda Za Ki Zaɓi Mai Raino Kafin Hutun Haihuwa Ya Ƙare

'Ya'yana uku ne, kuma kowannensu na koma bakin aiki yana goye. Shi ya sa masu jego ke yawan tare ni da tambaya ɗaya: "Anti, hutuna ya kusa ƙarewa, wa zan bar wa yaron nan?" Wata ta kira ni saura kwana tara ta koma ofis, muryarta na rawa, ba ta da kowa a hannu. Na jera matakan nan yadda ya kamata a bi su. Da ke uwa nake magana, amma ki miƙa wa maigida ya karanta, domin binciken mutum da maganar kuɗi nauyinsa ne kamar yadda suke naki.

1. Ki san ranar komawa, ki ƙirgo baya

Ki je wurin mai kula da ma'aikata a ba ki ranar a rubuce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace mako 12, shida kafin haihuwa da shida bayanta, tare da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aiki a wurin. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da aƙalla mako 16. Jihohin Kaduna da Legas suna ba ma'aikatansu wata shida. Ki tambayi lokacin shayarwa ma: dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, a aikin tarayya kuwa awa biyu ne kullum har tsawon wata shida daga ranar dawowa. Mata da yawa ba sa karɓar wannan haƙƙi saboda ba wanda ya faɗa musu.

Daga ranar komawa ki ƙirgo mako shida baya. Biyun farko na cigiya ne, biyu na ziyara da bincike, biyun ƙarshe na gwaji. Sannan ki rubuta ainihin awannin da ba kya gida, daga fitarki ƙofa zuwa dawowarki, har da cunkoson hanya. Mai tashi aiki ƙarfe huɗu sau da yawa sai biyar da rabi take shiga gida, kuma wannan lissafin ne mai raino za ta yi aiki da shi.

Gargaɗi: idan mako shida kacal kike da shi bayan haihuwa, kuma za ki tafi gida wankan jego, ranar da kika yi arba'in hutunki ya zo ƙarshe ke nan. Ki fara cigiya tun da tsohon ciki.

2. Ki auna hanyoyin da ke gabanki

Hanyar da kowa ke fara dubawa ita ce kaka, ko mahaifiyarki ko surukarki, ko wata gwaggo da ke kusa. Babu mai son yaron kamarsu, kuma hankalinki zai fi kwanciya. Sai dai ki dubi ƙarfinta da idon gaskiya. Jariri ɗan wata uku yana zama inda aka ajiye shi, amma ɗan wata goma sha huɗu yana hawa kujera, yana buɗe ƙofa, yana bin bokitin ruwa. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ko hawan jini ba za ta iya wuni tana binsa ba, kuma kunya ba za ta bari ta ce ta gaji ba. A gidajen da abin ya yi kyau, za ki tarar kaka tana sa ido ne, wata mai jini a jika tana yin aikin. Ki kuma lura da yawan jikokin da ke gidan, kada ya zama da sunan kaka aka kai yaro alhali yara ne ke wuni da shi.

Hanya ta biyu mai raino a gidanki, mai kwana ko mai jeka-ka-dawo. Yaro yana cikin ɗakinsa, ba a fitar da shi cikin sanyin asuba, kuma bai cika kwasar mura daga wasu yara ba. Illarta ita ce babu ido na biyu a gidan, kuma ranar da ba ta zo ba ke ma ba ki da fita.

Ta uku gidan raino, wanda 'yan boko ke kira kiresh. Akwai manya fiye da ɗaya, akwai lokacin buɗewa da rufewa, amma watannin farko za ki sha zaryar asibiti da mura da gudawa. Ta huɗu kuwa malaman makaranta da ma'aikatan jinya sun daɗe suna yinta: a tafi da mai raino wurin aiki, ta zauna da yaro a wani ɗaki ko inuwa mai tsabta, uwa ta riƙa leƙowa tana ba da nono.

A ganina, kafin yaro ya cika wata shida ki zaɓi duk hanyar da ta fi kusanta shi da nononki. Idan ya kai shekara ɗaya da rabi, yana tafiya yana son abokan wasa, gidan raino mai kyau yana yi masa amfani.

Gargaɗi: kada ki damƙa jariri a hannun yarinya 'yar shekara goma ko sha ɗaya da aka ɗauko daga ƙauye, komai hankalinta. Ita kanta raino take buƙata. Ba za ta gane numfashin da ya sauya ba, kuma idan yaro ya faɗi tsoron duka zai sa ta ɓoye miki. Dokar yaƙi da safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta mayar da ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida laifin da ake ɗauri a kansa. Ki nemi wadda ta haura 18, zai fi kyau ma wadda ta taɓa goyo.

3. Ki yi lissafin kuɗi a takarda

Farashi ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, saboda haka ki tambayi mata uku da ke biyan mai raino yanzu a yankinku, ki ɗauki na tsakiya. A kan albashin mai kwana ki ɗora abincinta, sabulu da man shafawa, magani idan ba ta da lafiya, kayan sallah, kuɗin motar zuwa ganin gida, da la'adar dillaliyar da ta kawo ta. Mai jeka-ka-dawo kuwa kuɗin adaidaita sahu ne ke cinye albashinta, ki ware shi daban. A gidan raino ki tambayi kuɗin rajista, ko da wata ake biya ko da zango, ko ana cin tara idan an makara ɗaukar yaro, da wanda zai kawo famfas da abinci. Kaka ma ba kyauta ba ce: cefane, kati a waya, magani, da ɗan abin da za ki sa a ambulan duk ƙarshen wata ko da ta ce ba ta so.

Ki riƙe wannan a matsayin ma'auni: mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Ba kowane gida ne zai iya biyan haka ba, amma idan abin da kike shirin bayarwa bai kai kuɗin datar da kike saye a wata ba, ki sake tunani. Mai rainon da ake biya da kyau a kan lokaci ita ce ke daɗewa, kuma sauya hannu duk bayan wata biyu yana wahalar da yaro ƙwarai.

Gargaɗi: ki riƙa ba wa mai aikin albashinta a hannunta ko a asusunta. Idan ta hannun dillaliya yake bi, wata rana za ki gano rabi ne ke isa gare ta.

4. Ki binciki mai raino kamar za a ɗaura aure

Ki fara da waɗanda aka sani: wadda ta yi wa abokiyar aikinki raino har yaranta suka shiga makaranta, ko bazawara ko dattijuwa a unguwa da liman ko mai unguwa zai tsaya mata. Ki kira ta gida ku zauna, ki ba ta ruwa, ku gaisa sosai, sannan ki shiga tambaya. Kada ki ce "Kin iya raino?" domin kowa zai ce ya iya. Ki ce: "Idan jikinsa ya yi zafi ba na nan, me za ki yi?" "Idan ya yi awa guda yana kuka ya ƙi shiru fa?" "Me ya raba ki da gidan da kika baro?" Amsar da kike so ki ji a ta farko ita ce za ta kira ki. Wadda ta fara lissafo magungunan da za ta ɗura masa, ki yi hattara da ita.

Sai ki miƙa mata yaron ki yi shiru. Ki ga ko ta nemi wanke hannu, ko ta tallafe wuyansa, ko tana yi masa magana tana kallon idonsa, ko kuwa idonta na kan waya da talabijin. Minti goma na wannan kallon ya fi awa guda na tambayoyi.

Idan ta kwanta miki, sai aikin maigida: ya karɓi lambar gidan da ta yi aiki a baya a kira su, a ɗauki hoton katinta na NIN, a je a ga inda take zaune da ido, a san mutum ɗaya babba da zai tsaya mata. Daga nan ku kai ta asibiti a duba lafiyarta da kuɗinku. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tarin fuka, domin ta iska yake yaɗuwa kuma yana yi wa jarirai mugun kamu. Duk tarin da ya wuce mako biyu a gwada majina, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. A duba cutar fata irin su ƙazuwa da makero ma. Ki gaya mata dalilin gwajin cikin mutunci, kuma sakamakon sirrinta ne.

Gargaɗi: ki fayyace tun ranar farko ko raino kaɗai za ta yi ko har da aikin gida. Wadda aka ɗora wa wanki, shara, girki da aike, dole ta ajiye yaro shi kaɗai ta je ta yi su.

5. Idan gidan raino ne, ki je sau biyu

Zuwan farko ki sanar, a zagaya da ke. Na biyu ki faɗo ba sanarwa, tsakanin sha ɗaya da ɗaya na rana, lokacin da yunwa da barci da kashi ke haɗuwa wa yara. A nan gaskiyar wuri take fitowa.

Lokacin 'yata ta biyu na shiga wani gida da aka yi ta yaba mini, bango ya sha fenti da zanen dabbobi, ga kayan wasa a jere. Da na koma da hantsi sai na tarar da jarirai tara a ɗaki ɗaya da ma'aikaciya guda. Wani yana kwance a katifa an tokare masa fida da filo yana tsotsa shi kaɗai, madara na gangarowa ta gefen bakinsa zuwa cikin kunne. Wata ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ma'aikaciyar ba muguwa ba ce, hannu biyu gare ta. Na yi sallama na fito, ban koma ba.

Don haka abu na farko shi ne ƙirge. Likitocin yara a Amurka suna ba da shawarar babba ɗaya ga jarirai uku 'yan ƙasa da shekara, babba ɗaya ga yara huɗu daga nan zuwa kusan shekara uku. Da wuya ki samu daidai haka a nan, amma duk inda mutum ɗaya ke riƙe da jarirai shida ko fiye, ki wuce. Ki ƙirga masu riƙe yara kaɗai, ban da mai gadi da mai karɓar kuɗi.

Bayan ƙirge, hancinki zai gaya miki sauran. Ki duba inda ake canza famfas, ki tabbata ba nan ake haɗa abinci ba, kuma akwai ruwa da sabulu a kusa. Ki ga ko kowane yaro na da shimfiɗarsa da kofinsa, ko akwai gidan sauro, ko a rigingine ake kwantar da jarirai. Ki tsaya a ɗakin ki ji zafinsa, ki tambayi me suke yi idan an ɗauke wuta a watan Afrilu, ki ga inda janareta yake, kada hayaƙinsa ya zama yana shiga ta taga. Ki tambaya: wa ke da izinin ɗaukar yaro, kuma ta yaya ake tantance shi a ƙofa? Wane asibiti ake kai yaro idan ta ɓaci? Ana mayar da mai gudawa ko ƙyanda gida? Wace hukuma ta yi musu rajista? Ma'aikaciyar da ta fi daɗewa shekararta nawa a wurin? Wurin da ya nemi ganin katin rigakafin ɗanki kafin ya karɓe shi ya nuna yana tambayar sauran iyaye ma, kuma wannan kariya ce gare ki.

Gargaɗi: wurin da ba a barin uwa ta wuce ƙofa, ko kika tarar duk yara sun yi barci mai nauyi lokaci guda, ki bincika. Akwai masu ba yara maganin mura mai sa barci don su huta, kuma yana da haɗari ga jariri.

6. Ki shirya nono tun saura mako biyu

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Komawa aiki ba ya hana wannan idan an shirya. Kayan da kike buƙata: robobi masu murfi guda huɗu zuwa shida, ƙaramin kofi, kula da ƙanƙara, filas na ruwan ɗumi, da abin tatsa idan kina da hali, ko da yake hannu ma yana yi.

Ki fara tatsa sau ɗaya a rana da safe, lokacin da nono ya fi cika. Kwanakin farko kaɗan za ki samu, kada ki karaya. Ki ƙiyasta kimanin mililita 30 ga kowace awa da ba kya nan, ki rarraba a robobi ƙanana, ki rubuta rana da lokaci a jikin kowace. A ɗaki mai sanyi nono yana kai awa huɗu, a firjin da wuta ba ta yankewa kwana huɗu, a kula mai ƙanƙara yini guda. Da zafin bazara irin namu kada ki dogara da awa huɗun nan, ki sa shi a kula tun daga fita. Wajen ɗumamawa a tsoma robar cikin ruwan ɗumi, ba a tafasa shi. Abin da yaro ya sha ya rage, idan ya wuce awa biyu a zubar.

Mai rainon ce za ta koya masa sha da kofi, ke ki fita daga ɗakin, domin muddin yana jin ƙamshinki zai ƙi. Kofi ya fi fida sauƙin wankewa. A wurin aiki ki tatsa duk bayan awa uku, in ba haka ba nono zai yi tauri ya yi ciwo, daga baya ya ragu.

Gargaɗi: ba a ba yaro zuma kafin ya cika shekara, ko da ɗan lasa ne. Idan madarar gwangwani yake sha, a bi ma'aunin da ke jikin gwangwanin daidai, kada a tsinka ta don ta yi auki.

7. Ki rubuta ƙa'idoji, ki karanta mata da baki

Takarda guda ta isa, a manna a bango. A sama lambarki, ta maigida, ta maƙwabciya, ta mai adaidaita sahun da kuka sani, da sunan asibitinku. Ki ajiye kuɗin mota a wurin da ta sani. Sai alamomin da idan ta gani za ta kira ki tana kan hanyar asibiti: zazzaɓi ga jariri ɗan ƙasa da wata uku, ƙin shan nono, numfashi da sauri ko haƙarƙari na lotsawa, jijjiga, amai da gudawa ba ƙaƙƙautawa, ko yaro ya yi laushi ya ƙi farkawa. Idan jijjiga ce a kwantar da shi a gefe guda, kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa komai.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Babu magani, na asibiti ko na gargajiya, sai da izininki. Babu duka, babu girgiza jariri komai kukansa, domin girgiza tana lalata ƙwaƙwalwa. Idan ta ji ranta ya ɓaci ta kwantar da shi a gadonsa ta kira ki. Ba a fita da shi, ba a miƙa shi ga baƙo ko da ya ce ke kika aiko. Ba a goya shi a tsaya gaban murhu. Idan mai rainon tana da nata goyon, ki faɗa mata ƙarara kada ta shayar da naki, saboda lafiya da kuma hukuncin 'yan'uwantakar shayarwa a Musulunci.

Ke kuma ki durƙusa ki zagaya gidan a tsayin mai rarrafe. Bokiti da baho a kife su, rijiya a rufe da makulli, kananzir da fiya-fiya da maganin ɓera a ɗaga sama, kada a taɓa zuba su a robar lemo. Gyaɗa, ƙwallon dabino da kwabbai su yi nesa da hannunsa.

Idan surukarki ce mai rainon, takarda a bango ba za ta yi ba. Ɗanta ne zai yi maganar, cikin ladabi: "Hajiya, a asibiti sun ce kada a ba shi ruwa ko jiƙo sai ya yi wata shida, mun ce bari mu sanar da ke tunda ke ce da shi." In da hali ku tafi da ita awon rigakafi ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya.

8. Makon gwaji

Rana ta farko da ta biyu ku wuni tare, tana yi kina kallo. Ta uku ki fita awa ɗaya, ta huɗu awa uku, ta biyar rabin yini. A mako na biyu ki yi cikakken yini sau biyu, ki tashi a lokacin da za ki riƙa tashi, ki bi hanyar da za ki riƙa bi. Ki biya ta kuɗin waɗannan kwanaki. Yaron da ya kai wata bakwai zuwa tara ya fara ƙiwa, shi sai an ƙara masa kwanaki.

Gargaɗi: kada ki sulale ki gudu yana wasa. Ki yi masa sallama a taƙaice, ki bar masa zanen goyonki mai ƙamshinki, ki tafi ba waiwaye. Zai yi kuka, ke ma wataƙila ki yi a cikin mota. Ki kira bayan rabin awa ki ji ko ya lafa.

9. Bayan kin koma

Kullum da yamma ki tambayi abu uku: sau nawa ya sha, sau nawa aka canza shi, barcin awa nawa ya yi. Ki yi masa wankan dare da kanki, a nan za ki ga jikinsa duka. Sau ɗaya ko biyu a watan farko ki dawo da wuri ba sanarwa, ko maigida ya biyo da rana. Idan za ku sa kyamara ku gaya mata, kuma ban da ɗakin kwananta da banɗaki.

Kukan rabuwa da safe ba matsala ba ne, mura ma haka. Abin da zai sa ki tsaya shi ne tabo ko ƙuna da ba a iya bayyana miki ba, zugewar mazaunai da ta ƙi warkewa, nauyinsa ya tsaya a katin awo, yaro ya riƙa firgita idan ya gan ta bayan makonni, ko labarinta ya riƙa sauyawa. Idan duka ne ko magani a ɓoye, ranar za ku rabu, ki biya ta haƙƙinta cif. Idan kuskure ne na rashin sani, ki zaunar da ita ki gyara mata ba a gaban mutane ba. Ki ba ta ranar hutu a mako, ta ci irin abin da kuke ci, yaranki manya su gaishe ta.

Tun kafin buƙata ta taso ki tanadi mutum na biyu da yaron ya saba da shi, maƙwabciya ko ƙanwarki, ki riƙa kai shi wurinta jefi-jefi. Masu kwana suna tafiya gida da sallah, wasu da damina ko lokacin girbi, gidajen raino da ke cikin makarantu kuma suna rufewa da hutun zango. Ki zauna da kalandar ofishinku ki yi wa waɗannan ranaku alama tun yanzu, ki sanar da mutum na biyun nan wata guda kafin kowace ta zo.